Rumbun da Aka Ba da Aro

A wani gari da ake kira Muna-Tafe, wata ranar Talata aka jawo Rumbu a bayan tirela, kuma daga ranar babu wanda ya sake wahalar da kansa wajen tuna wani abu.

Rumbun dai wata farar kwantena ce mai tayoyi, an cika cikinta da na'urori masu ƙyafta ido dare da rana. A samanta akwai wani ƙarfe mai kama da faifan tankaɗe, shi ne ke watsa sabis. Mai Gari, Alhaji Dikko Na-Gaba, ya tara jama'a a filin kasuwa ya yi musu bayani. Ya ce a da, in gari yana son ajiye bayanansa, sai an gina masa katafaren gini a wata ƙasa mai sanyi. Yanzu duniya ta ci gaba, an sa wa ginin taya. Ya ce sabis ɗin da ke fitowa daga faifan nan kuwa Zubi na Tara ne. Jama'a suka yi tafi har hannu ya yi zafi, ko da yake abin da suka sani a baya Zubi na Uku ne, shi ma sai an hau surin da ke bayan mayanka. Babu wanda ya tambayi inda biyar ɗin tsakiya suka shige.

Sarkin Almakashi, wanda duk aikinsa a Majalisar Na'am shi ne yanka ƙyallen ƙaddamarwa, ya matso ya yanka. Washegari aka tuge tsohon ƙarfen sabis aka bai wa maƙera, domin a cewar majalisa abin kunya ne baƙo ya ga tsoho tsaye kusa da sabo. Aka karɓe tsofaffin wayoyi aka raba sababbi, sirara, marasa nauyi. Rashin nauyin nasu kuwa saboda babu komai a cikinsu ne. Hoton ɗaurin aurenka, lambar 'yarka, iyakar gonarka, duk suna cikin Rumbu. Wayar taga ce kawai. In Rumbu yana kusa, ka leƙa.

Sai dai Rumbu baƙo ne mai jin zafi. Aka juya masa famfon Unguwar Marina don ya riƙa sha yana hucewa. Matan unguwar suka koma ɗebo ruwa a rafi, amma a hanya suna iya kallon hoton ambaliyar wasu ƙasashe ba tare da ya tsinke ko sau ɗaya ba. Wutar lantarkin garin, wadda dama ba ta taka kara ta karya ba, aka haɗa masa ita kacokan. Kowa ya yarda an ci gaba.

Kowa ban da Malam Korau. Shi tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai littattafai da yawa da abokai kaɗan. Ranar rabon waya da yatsu biyu ya karɓi tasa, kamar an miƙo masa mataccen ɓera. Matarsa Gwamma kuwa hannu bibbiyu ta karɓi abin. Ba ta yi boko ba, saboda haka saƙon murya ya zo mata daidai wuya. Tana madafi yana zaure, katanga ɗaya ce tsakaninsu, sai ya ji wayarsa ta yi ƙara.

"Ke! Mene ne kuma?"

"Ai na turo maka, Malam."

"To ga ni ga ki, faɗa mini."

"In na faɗa da baki cewa kake ba ka ji ba. Wannan kuwa akwai shaida."

"Wato maganar taki sai ta fita daga gidan nan, ta je kasuwa, ta shiga kwantena, ta sha ruwan mutanen Marina, sannan ta komo ta gaya mini itace ya ƙare?"

"Ashe ka saurara."

"Ban saurara ba. Hayaƙin kara na shaƙa."

Daga nan ya kafa wa kansa doka: ba zai taɓa buɗe saƙon mutumin da zai iya takawa ya je wurinsa ba. Ya riƙe dokar nan da irin taurin kan da masu karatu ke kira aƙida.

Da damina ta yi nisa Gwamma ta kwanta ciwo. Autarsu Tasalla ta ɗauke ta zuwa gidanta a ɗaya gefen gari don ta yi jinyarta. Malam yakan je bayan la'asar, ya tsaya daga bakin ƙofa tunda gidan suruki ne, ya ce, "Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi." Ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi." Ya komo gida. A wurinsa wannan doguwar hira ce.

Wata ranar Alhamis, bayan ya komo, waya ta nuna saƙo daga gare ta. Ya dube shi, ya ce a ransa ba ya wuce maganar dusar akuya, gobe ya ji da kunnensa. Washegari da hantsi yana tsaye a sahun gaba ana yi wa Gwamma salla.

Duk zaman makokin wayar tana aljihunsa, tana yi masa nauyi duk da babu komai a cikinta. Ba zai yiwu dattijo kamarsa ya kara waya a kunne a gaban masu gaisuwa yana sauraron muryar matarsa ba, sai a ce ya kasa haƙuri. Cikin gida kuwa dangi sun cika ko'ina, har ɗakin littattafansa akwai goggo biyu. Abu ɗaya Tasalla ta samu ta gaya masa, ranar da ta kawo masa ruwan alwala.

"Baba, ranar nan fa cewa ta yi in fita in ja mata ƙofa. Na ji ta tana magana da waya. Har da dariya."

"Dariya?"

"Wallahi, Baba. Na ɗauka da kai take."

Ranar da aka yi sadakar uku jama'a suka watse, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya zauna a bakin gado, ya karya dokarsa. Ya danna. Wayar ta yi fari fat kamar sabon kwano. Ya sake dannawa. Ya fito tsakar gida ya ɗaga ta sama. A nan ne ya ji hayaniya a waje, ya leƙa ya ga duk unguwar ta fito, kowa da waya a sama kamar masu roƙon ruwa.

An ba da aron Rumbu.

Abin da ya faru shi ne, surukin Mai Gari, wato mai garin Mun-Kusa, zai yi manyan baƙi daga birni, ga shi ba shi da abin ƙaddamarwa. Sai ya aiko a ara masa kujeru, da rumfuna, da tukwanen biki, da kuma "wannan abin naku mai taya". A Muna-Tafe ba a hana suruki aro. Da ginin ƙasa ne, da an ba shi haƙuri. Amma abu mai taya ba shi da uzuri. Aka haɗa masa har da Sarkin Almakashi, tunda shi ya san inda ake ɗaura ƙyallen.

Gari ya waye ba wanda ke tuna komai. Mahauci ya manta wa ke son tsoka wa ke son kayan ciki. Alƙali ya ɗage duk wata shari'ar gona, domin iyakokin sun yi tafiya. Maroƙin fada, wanda ya juye sunayen kakannin Mai Gari cikin Rumbu ya huta, ya tsaya yana ta ɗaga murya: "Jikan wane! Ɗan wane, ƙanin su wane!" Mai Gari ya ce bai taɓa jin kirari mai faɗi irin wannan ba. A kasuwa aka shiga sayar da dogayen gora, mutum ya ɗaure wayarsa a tsini ya ɗaga, ko za ta shaƙo ƙanshin sabis daga nesa. Majalisar Na'am ta yi zaman gaggawa ta ƙirƙiro sabon muƙami, Wakilin Haƙuri, aka ba shi ofis har da fanka, tunda wuta ta dawo bayan tafiyar baƙo.

Malam Korau, wanda bai taɓa taka ofishin majalisa ba, ya sa hularsa ya je wurin Wakilin.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a dawo da shi?"

"Malam, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙanta."

"Amin, na gode. Yaushe?"

"Haba Malam, kamar ba ɗan gari ba. Ana tambayar suruki kayan aro?"

Gaskiyar Wakili ce. A al'adar Muna-Tafe, in suruki ya riƙe maka kaya, ba ka buɗe baki. Sai dai ka shirya ka je gaishe shi, ka nemi wuri kusa da kayan ka zauna, ka daɗe kana kallonsu kana yaba kyansu, har Allah ya sa ya gane.

"To a je a kalla mana," in ji Malam.

"An je. Tawaga guda, da goro da komai. Sun iske shi ma ya ara wa nasa surukin. Amma ba su yi ƙasa a gwiwa ba, sun zauna sun kalli inda aka ajiye shi, sun ce wurin ya yi kyau. Muna sa ran zai gane."

"Akwai maganar matata a ciki."

"Malam, jawabin Mai Gari na bana ma yana ciki. Ka ga ya ɗaga hankalinsa?"

"Wannan ai kowa ya haddace shi. Na bara ne."

Wakili ya ba shi haƙuri sau biyu, na biyun a matsayin gyara, ya rako shi bakin ƙofa.

Da Tasalla ta ga yana ɗaure 'yan kayansa a jaka, ta riƙe baki.

"Baba, kai da ko ɗaurin aure sai an yi da gaske kake zuwa? Ina za ka?"

"Zan je gaishe da surukin Mai Gari."

"Kai ma kallon za ka yi?"

"Ni ji zan yi. Ki kula da akuyar nan."

Ya shiga motar kasuwa. A Mun-Kusa ya tarar da sawun tayoyi, da guntun koren ƙyalle, da wani allo mai cewa a nan aka ƙaddamar da rumbun bayanai na farko a yankin. Mutanen garin suna ta alfahari. Sun ɗanɗana Zubi na Tara, sun juye duk abin da suke da shi a ciki, sun tuge nasu tsohon ƙarfen. Yanzu su ma gora suke sayarwa, har sun fi na Muna-Tafe tsawo. A gari na gaba, Saura-Ƙiris, ya tarar da allo iri ɗaya, ƙyallen ne kawai ya koma shuɗi. Haka a na gaba da shi. Kowane gari yana da rumbun farko a yankin, kuma wata jarida da aka naɗe masa ƙosai a ciki ta ce yankin ya fi ko'ina yawan rumbuna a faɗin ƙasar.

Ba shi kaɗai ke bin sawun ba. Akwai telan da awon amarya ya tafi ya bar shi da yadi. Akwai wata tsohuwa mai neman lambar ɗanta da ke ci-rani. Akwai wani ango da ya manta ranar da aka sa. Suka zama ayari guda, suna bin sabis yadda makiyaya ke bin ɗanyar ciyawa. In aka tambayi Malam abin da ya fito nema, sai ya ce bincike yake yi.

A wani ƙauye mai suna An-Kammala, inda kwalta ta ƙare tun kafin a shiga, suka cim ma Rumbu. An shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, fenti kan fenti har ƙofarsa da ƙyar take buɗewa. Ana tsakiyar biki. Sarkin Almakashi ya rame, babban yatsansa ya yi kanta. Ayarin na isowa wayoyinsu suka ɗauki kuka gaba ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwan sama.

Malam ya zagaya bayan Rumbu, nesa da lasifika, inda aka jona masa tiyo daga rijiyar ƙauyen. A nan ya iske mai kula da na'urorin, wani mai tumbi da furfura a gemu. Sai da ya duba da kyau ya gane Cindo ne, tsohon ɗalibinsa.

"Malam! Kai ne a nan? Kai da ka ce waya kayan ragwaye ce?"

"Har yanzu ban janye ba. Kai aka damƙa wa wannan? Kai da ka kasa riƙe sunayen koguna biyu?"

"Ai shi ya sa aka ɗauke ni, Malam. Aikin ba ya son mai riƙe abu a ka."

Da ya ji abin da ya kawo shi, Cindo ya cire hula ya yi masa gaisuwa, ya kife masa jarka don ya zauna, sannan ya ja gefe yana taɓa tiyon da ba abin da ya same shi.

Malam ya danna. Muryar Gwamma ta fito, a gajiye, amma tata ce.

"Malam, na san ba za ka buɗe ba sai ka ga dama. Akuyar nan a rage mata dusa, kumburi take yi."

Saura kaɗan ya yi dariya. Ko ba komai, ya canka daidai. Sai muryar ta ci gaba.

"Sai kuma ɗayar maganar. Jikin nan ba na jin zai tashi. In ka zo tsayawa kake a ƙofa kamar wanda ya zo karɓar haraji, ba na iya faɗa. Zaman da muka yi, duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni."

Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ya mayar, sai ya ga akwai wani saƙon a ƙarƙashin nata, kuma daga gare shi ya fito.

"Cindo! Zo nan. Wannan fa? Ni ban aika komai ba."

"Au, ai Zubi na Tara ba ya barin mutum cikin jira, Malam. In saƙo ya ɗan jima ba a amsa ba, sai Rumbu ya amsa da muryar mai wayar. Yakan duba yadda mutanen kirki ke amsa irin maganar, ya zaɓo mafi kyau. An faɗa ranar ƙaddamarwa, lokacin ana tafi."

"A ina ya samu muryata? Ban taɓa yi masa magana ba."

"Kana yawan faɗa kusa da wayar, Malam."

Ya danna. Ya ji muryarsa, ba shakka tasa ce, sai dai an cire mata ƙaya.

"Gwamma, na yafe miki duniya da lahira. Ni ne ma ya kamata in roƙe ki. Ki yafe ni, abokiyar zamana."

Kunya ta rufe shi kamar an kama shi yana rawa. Ya waiga ko Cindo ya ji. Cindo ya duƙufa a kan tiyo.

Saura saƙo ɗaya, nata. Da dariya ya fara, dariyar ta koma tari, tarin ya lafa.

"Sannu, Rumbu. Allah ya yi maka albarka, ka iya magana. Amma Malam bai taɓa amsa mini da wuri haka ba, kuma tun da aka kawo ni gidansa sunana Ke. In ya zo, ka ce masa ni na riga na yafe masa, kada ya tsaya neman kalmomi a littafi. Nasa kuma ina jira. Ba sauri nake ba."

Malam Korau ya san matattu ba sa karɓar saƙo. Ya karanta, ya karantar. Ranar jana'iza ma ya yafe mata a gaban liman da jama'a kamar yadda ake yi, da irin muryar da ake amsa gaisuwar hanya. Amma yanzu so yake nasa ya kwanta a ƙarƙashin nata, ko da a cikin kwantena ne, ko da ba mai ji.

Ya gyara murya ya danna. Da ƙyar sunan ya fito, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Gwamma. Na yafe miki. Ki yafe ni."

Wayar ta yi ɗan tunani, sannan wata murya mai ladabi ta ce, "An riga an faɗi wannan. Rumbu ba ya ajiye abu biyu iri ɗaya. A faɗi wani abu sabo."

Ya sake, ya juya kalmomin, na gaba ya koma baya. Ya ƙara da Larabci.

"Ma'anar ɗaya ce," in ji muryar. "A faɗi wani abu sabo."

"Wuri ne ya yi ƙaranci, Malam," in ji Cindo yana sosa ƙeya. "Garuruwa da yawa ne a ciki yanzu. Ko jawaban masu gari guda ɗaya ya ajiye, ya ce sauran maimaici ne."

"Amma wancan ba ni na faɗa ba."

"A wurinsa kai ne. In ba za ka ji haushi ba, har ya ɗan fi ka iyawa."

Daga gaban Rumbu aka ji tafi ya ɓarke, almakashi ya yi aikinsa. Tafin bai gama sauka ba direba ya tayar da tirela, domin surukin mai garin An-Kammala ya riga ya aiko tun safe. Cindo ya shiga naɗe tiyo.

"Malam, ka hanzarta don Allah. Ana jiranmu a gaba."

Malam Korau, wanda bai taɓa rasa amsar da zai bai wa kowa ba, ya tsaya da yatsa a kan waya. Ya laluba duk littattafan da ke kansa. Duk abin da ya ɗauko, ya san wani mutumin kirki ya riga shi faɗa, kuma Rumbu yana da shi. Tirela ta motsa. Ya bi ta da tafiya, sannan da sassarfa, babbar riga tana harɗe shi, waya a bakinsa, bakin kuma a buɗe ba komai. Mutanen An-Kammala suka ga dattijo yana bin motar, suka ɗauka rakiyar baƙo yake yi, suka ji kunya suka rufa masa baya. Mai garinsu ya nuna shi da sanda ya ce wa matasa su ga yadda ake kishin ci gaba.

Sabis ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Tirela ta sha kwana a bayan wasu itatuwan kuka. Wayar ta yi fari.

Sai a sannan ya samo. Ba a littafi yake ba, kuma Rumbu ba shi da shi, domin bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko a kusa da waya. Kullum da yamma in tana tankaɗe takan yi wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, shi kuma daga zaure sai ya miƙa hannu a hankali ya rage muryar rediyo don ya ji ta. Har ta koma ga Allah tana yi masa faɗa ya daina sayen batir mai araha.